Yadda ake samun gurbin binciken fasahar nano a hutun bazara a Amurka

Tambaya: Ina shekara ta biyu a karatun injiniyancin lantarki a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, ina da takardar zama ta dindindin. Makarantarmu ba ta da ɗakin bincike na nano, wato fasahar ƙera abubuwa masu matuƙar ƙanƙanta, kuma mata baƙaƙe 'yan ƙalilan ne a ajinmu. Shin zan iya samun gurbin bincike a hutun bazara ba tare da gogewa ba?

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa, ƙanƙantar makarantarki ma riba ce. Babbar ƙofa ita ce shirin REU, na koya wa ɗaliban digirin farko bincike, wanda NSF, hukumar gwamnatin Amurka mai ɗaukar nauyin binciken kimiyya, ta fara a 1987. Ƙa'idarsa ta ce aƙalla rabin ɗaliban da kowace cibiya za ta ɗauka su fito daga makarantun da damar bincike ta yi musu ƙaranci, har da kwalejojin shekara biyu. Irinki ake nema.

Sharaɗi biyu ba sa sassauci: ki kasance 'yar ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, kuma kada ki kammala digiri kafin shirin ya fara. Yawanci mako 10 ne, da alawus na wajen dala 600 zuwa 700 a mako, ga masauki da kuɗin tafiya. A fannin nano ki duba cibiyoyin da suka shiga NNCI, haɗakar ɗakunan binciken nano na jami'o'in Amurka, wadda aka kafa a 2015 da cibiyoyi 16, irin su na Cornell da Stanford da Georgia Tech. NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, ita ma tana da nata shirin binciken bazara mai suna SURF. Wasu shirye-shiryen da aka keɓe wa 'yan tsiraru sun ragu ko sun buɗe wa kowa tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, da kuma rage kuɗaɗen bincike a 2025, don haka ki tabbatar da halin kowanne a shafinsa na bana, kada ki dogara da tsohon jeri.

Galibi ana rufe karɓar takardu tsakanin Janairu da Maris, da yawa ta ETAP, manhajar NSF ta neman gurbi. Ki nemi wurare takwas zuwa goma, kada duka su zama manyan sunaye. Inda aka fi faɗuwa shi ne wasiƙar shaida. Ki roƙi malamin da ya ga aikin hannunki a ɗakin gwaji, ko da ba farfesa ba ne, ki ba shi aƙalla mako huɗu. Wasiƙar da ta ce kin gano kuskure a da'irar lantarki kin gyara ta fi ta wani babba da bai san fuskarki ba. A bayanin kanki kuma, ki ambaci malamai biyu na wurin da abin da ya ja ki ga aikinsu. Bayani ɗaya da aka aika wa kowa nan take ake gane shi.

Aikin kansa a ɗaki mai tsananin tsabta ake yin sa, cikin rigar da ta rufe ki daga kai har ƙafa, ƙarƙashin fitila rawaya domin farin haske na ɓata fotoresis, ruwan da ake shafa wa faifan silikon. Ana juya faifan sau 3,000 zuwa 4,000 a minti ya baje ruwan, a gasa shi kusan minti ɗaya a zafin da ya ɗan haura 100 na Salsiyos, sannan a haska masa zanen na'urar da ake son ƙerawa. Idan akwai danshi a faifan, ruwan da aka shafa ba ya kamawa, zanen ya ɓare wajen wankewa. Ƙura ƙwaya ɗaya tana iya kashe na'ura, tunda nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita.

Horon tsaro da samun izinin taɓa injuna na iya cinye mako biyu ko uku. Saboda haka, da zarar an ɗauke ki, ki rubuta wa mai kula da ke ki nemi abin karantawa da jerin horon da za a iya yi ta intanet kafin ki iso.

Masu karatu a jami'o'in Najeriya ko Nijar ba sa shiga REU. Su duba VSRP, shirin bincike na ɗalibai baƙi na jami'ar KAUST a Saudiyya, wanda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen waje na wata uku zuwa shida.