Kwamfuta ta farka daga barci, wayar siriyal tana zubo shirme

Tambaya: Malam, muna da kwamfuta mai Linux a shagonmu da ke Mabera, Sakkwato. Ba ta da allo, ta wayar siriyal, wato kebul ɗin da ke haɗa ta da laftof ɗina, nake shiga cikinta. In an ɗauke wuta nakan sa ta barci don batir ya kai mu yamma. Amma da ta farka sai haruffan banza su cika mini fuskar laftof, sai na kashe kwamfutar na kunna. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sayi sabuwar wayar siriyal, taka lafiyarta ƙalau. Guntun da ke aika saƙon, wato UART, shi ya mance saurin da kuka daidaita a kai.

A barcin da ake kira S3, RAM, ma'ajiyar aikin da kwamfuta ke kan yi, ake bar wa wuta, galibin sauran kayan a yanke musu. UART samfurin 16550 agogonsa na bugawa 1.8432 MHz. Yana raba wannan da 16, sannan da wata lamba da aka rubuta masa: in 1 ce ka samu saurin aika saƙo na 115200, in 12 ce ka samu 9600. Wuta na yankewa lambar ta goge. Laftof ɗinka na saurare a 115200, kwamfutar kuwa tana magana da wani saurin daban. Shirmen ke nan. Gwada sauya saurin minicom, manhajar da ke karanta siriyal a laftof, zuwa 9600 bayan kwamfutar ta farka. In rubutu ya karantu, ka kama ɓarawon.

Fara da duba /proc/cmdline, fayil ɗin da ke nuna umarnin da aka kunna Linux da su. Ya kamata ka ga console=ttyS0,115200n8 cikakke, domin in ba a faɗi sauri ba Linux 9600 yake ɗauka. In ka ga no_console_suspend, cire shi daga /etc/default/grub ka sabunta GRUB, manhajar da ke tayar da Linux. Wannan no_console_suspend na masu farautar kuskure ne a lokacin barci, kuma yana hana a rufe tashar siriyal a sake buɗe ta yadda aka saba. A wurina shi ne abin zargi na farko.

In ta ƙi, ajiye ɗan fayil a /usr/lib/systemd/system-sleep/, ka ba shi izinin aiki da chmod +x. Idan systemd, mai kula da barci da farkawar kwamfutar, ya kira shi da kalmar post, wato bayan farkawa, fayil ɗin ya zartar da umarnin sauya sauri stty -F /dev/ttyS0 9600, sannan stty -F /dev/ttyS0 115200. Don Allah kada ka tsallake na farkon. A lissafin Linux saurin bai taɓa sauyawa ba, don haka in ka ce 115200 kai tsaye ba lallai ya sake rubuta wa guntun komai ba. Sai ka kauce tukuna ka dawo, sannan zai rubuta lambar.