Yaya, a nan ba a zuwa na ɗaya

Yaya, barka da war haka. Ka tambaye ni ta nawa 'yar taka ta zo a jarrabawar da suka yi a watan Mayu, na yi shiru kwana biyu. Ka kwantar da hankalinka, ba ajin ta ɗauko a ka ba. Rasa ta inda zan ɓullo wa amsar na yi, domin a Ingila ba a jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe.

Sunan jarrabawar SATs. 'Yan aji shida na makarantun gwamnati, masu shekara 10 zuwa 11, duk a mako ɗaya suke zama, tambayoyi iri ɗaya daga Landan har Manchesta. Akwai nahawu da ƙa'idojin rubutu, akwai karatu da fahimta na awa guda, sai lissafi har takarda uku. Da an gama ake tattara takardun a kai wa masu maki na waje. A Yuli sakamako ke fitowa, maki daga 80 zuwa 120, wanda ya samu 100 ya kai mizanin da ake nema. Ita dai ta haura 100 a duka, alhamdulillahi.

Abin da zai ba ka mamaki, a matsayinka na hedimasta, tun farkon Maris aka sanar da mu sakandaren da za ta shiga, wata biyu kafin ta riƙe biro. Ko 85 yaro ya samu ba zai maimaita aji ba. Iyakaci wasu sakandarorin su duba makin wajen raba yara rukuni-rukuni. To wa ake aunawa ke nan? Makarantar. Gwamnati na wallafa sakamakon kowace firamare, sufetocin Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu, na dubawa, iyaye ma na leƙawa kafin su kama haya a unguwa. Shi ya sa a makon jarrabawar shugabar makarantarsu ta fi mu tashin hankali. Tun Janairu yarinyar nan ke dawowa da tsofaffin tambayoyi, zane da wasanni duk suka ja baya. Wannan kam bai yi min ba, har gobe.

Ba a aji shida ake farawa ba. A aji ɗaya, cikin Yuni, malama kan zaunar da yaro shi kaɗai ta ba shi kalmomi 40 ya karanta, rabinsu na ƙarya ne, ba su da ma'ana. Kusa da kowace irin wannan kalma akwai hoton wani ɗan dodo, wai sunansa ne. So ake a gane ko yaro ya iya haɗa sauti ko kuwa haddace siffar kalma ya yi. Ran da auta ya zo min da takardar gwaji yana nuna harafi da yatsa yana furtawa ɗaya-ɗaya, dariya ta kama ni, na ce ashe haɗa baƙi da wasali ne aka sa wa kwat. A aji huɗu kuma jadawalin sau ake gwadawa a kwamfuta, tambaya 25, daƙiƙa 6 kowace, har zuwa 12 sau 12. Nan fa mutanenmu suka fi ƙarfi, tunda da waƙa muka haddace namu.

Inda muke tuntuɓe shi ne takardar fahimta. Ba za a ce wa yaro mene ne sunan wane ba kawai, cewa za a yi me ya sa kake ganin wane ya ji tsoro, kawo hujja daga labarin. Mu da muka taso a kan "maimaita bayana" sai da muka koyi zama da yaro da dare, a karanta shafi guda, mu tambaye shi ra'ayinsa, mu kuma kama baki har ya gama. Wasu iyayen tsoro ya sa sun daina yi wa 'ya'yansu Hausa a gida, wai kada Turanci ya yi rauni. Ni ban bi su ba. Yaron da ke wuni a makaranta cikin Turanci ba Hausar dare ce za ta kayar da shi ba.

Masu ɗaukar malamin lesin da kake jin labari, galibi wata jarrabawar daban suke hari, 11-plus, wadda ake yi wajen Satumba a yankuna irin su Kent da Birmingham don shiga zaɓaɓɓun sakandarori. Ita ce ta yi kama da kwaman entirans ɗinmu, kuma ganin dama ce. SATs kuwa tsofaffin tambayoyinta kyauta gwamnati ke sakawa a intanet, mu dai tura wa juna muke yi a WhatsApp.

Da na karanta mata saƙonka, sai ta ce in gaishe da Kawu, in kuma tambaye shi, makarantarsa ta nawa ta zo bana?