Yadda ake kallon hankaka mai ruwan toka yana neman abinci

Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a Alƙahira, kana ganin wani hankaka da bai yi kama da namu mai farin ƙirji ba, kana son sanin yadda za ka lura da kiwonsa. Wannan jikinsa ruwan toka ne, kai da maƙogwaro da fukafukai da jela baƙaƙe, tsawonsa kusan santimita 50. Ana samunsa daga kwarin Nilu zuwa Turkiyya da Rasha, har Ailan da arewacin Sikotilan.

Ka fita bayan sallar asuba, domin da sanyin safiya ya fi himmar kiwo. Zaɓi wuri ɗaya, ko lambu mai ciyawa ko gefen gona da aka yi wa ban ruwa, ka riƙa komawa nan. Zauna nesa da shi kamar mita 30, rana tana bayanka, in ba haka ba baƙi kawai za ka gani. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas, ya wadatar. Kada ka tsura masa ido ko ka nuna shi da hannu, nan take zai bar abin da yake yi ya koma kallonka.

Fara da rarrabe su. Biyun da kullum suke wuri ɗaya suna korar sauran, miji da mata ne masu yankin. Garken da ke yawo kuwa yawanci waɗanda ba su kafa sheƙa ba ne. Bi ma'auratan, su ne za ka iya sanin halinsu.

A kan ciyawa takawa yake yi, yana kife ganye da busasshen kashin dabbobi da baki don tsutsa da ƙwari. Yana cin hatsi, mushe, ƙwai da 'yan tsakin wasu tsuntsaye. Busasshen burodi kuma yakan kai shi ruwa ya jiƙa kafin ya ci. Abin da ya fi cancantar haƙurinka shi ne ɓoyon abinci. In ya samu fiye da cikinsa, sai ya ɗauka ya ɗan yi nisa, ya cusa cikin ciyawa ko gindin dutse, ya ja ganye ya rufe, sannan ya waiwaya. In wani hankaka yana kallo, sau da yawa yakan tono ya sauya wuri. Rubuta lokacin da kuma wurin, ka ga ko zai dawo ya ɗauka. A gaɓar tekun Sikotilan da Ailan kuma yana tashi sama da abin ruwa mai ƙwanso ya sako shi kan dutse, in bai fashe ba ya maimaita.

Babban kuskure shi ne ba shi abinci. Da ya saba, ya daina kiwo ya koma jiranka, ka rasa abin da ka fito gani. Haka nan kada ka matsa kusa da sheƙa lokacin da suke da 'ya'ya: za su taru da kuka, wani har ya kawo maka sura a ka, kuma ƙwai ko 'yan tsakin da aka bari ba tsaro suna iya salwanta.