Tambaya da Amsa: Me ya sa ake kankare ƙasa a gandun kare halittu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a kudancin Ingila. A wani gandun kare halittu da ke Dorset na ga ma'aikata suna sare ƙananan itatuwa, katafila kuma tana kankare ƙasa har yashi ya fito fari fat. Mu da muka tashi ana ce mana a dasa itace, wannan ba ɓarna ba ce?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Aikin gyara kika gani. Irin wannan fili ƙasarsa yashi ce marar taki, kuma wani gajeren tsiro mai fure ruwan hoda da suke kira heda shi ne ya fi yawa a kai. Mutane ne suka samar da filin tun dubban shekaru, ta hanyar sara da kiwo da ƙuna. Da an ɗauke hannu, itatuwa za su rufe shi, inuwa ta kashe heda. Daga shekarar 1800 zuwa yau Birtaniya ta rasa kusan kashi 80 cikin 100 na wannan fili, shi ya sa ake lallaɓa ragowar.

Heda tana da matakai huɗu: ƙuruciya zuwa kamar shekara 5, bunƙasa zuwa 15, cika zuwa 25, sai tsufa, lokacin da tsakiyarta ke buɗewa rassa su kwanta. Kowane mataki da masu cin moriyarsa. Akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi da a irin wannan fili ba ya rayuwa sai a gajeriyar heda mai ɗumi, inda baƙaƙen tururuwa ke ɗauke tsutsarsa su kai gidansu, suna lasar zaƙin da take fitarwa, suna kāre ta. Ba ya tashi nesa, don haka in sabon wurin da aka yanke ya yi masa tazara, ba zai kai ba. Macizai da ƙadangaru kuwa tsohuwar heda mai duhu suke so. Saboda haka ake yanka ƙanana-ƙanana, kusa da juna, wani yanki bana wani baɗi, a bar wani ba a taɓa ba sam. Wanda ya aske fili gaba ɗaya rana guda ya mayar da shi tsara ɗaya, ya kori rabin mazaunansa.

Yashin da kika gani shi ne ya fi komai daraja a ganinmu. Ƙudan zuma masu zaman kaɗaici da danginsu zanzaro suna haƙa ramuka a ciki, kowa da ɗan tulin yashi a bakin ƙofarsa, macen ƙadangaren yashi kuma a nan ne take binne ƙwai wajen watan Yuni, rana ta ƙyanƙyashe mata. Ana so fili tsirara ya kai kashi 1 zuwa 10 cikin 100, a gangaren da ke fuskantar kudu, don a can rana ta kudu take bugowa. Cikin 'yan shekaru ciyawa za ta rufe shi, sai a kankare sabo a gefensa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin abin da aka yanke a wurin. Yana ruɓewa ya zama taki, ciyawa ta samu ƙarfi ta danne heda. Dole a kwashe. Ana sakin shanu da ƙananan dawakai kaɗan su yi kiwo, kamar yadda ake yi a New Forest, wani daji a kudancin Ingila, amma in sun yi yawa fure zai ƙare, in kuma an ba su maganin tsutsa irin ivermectin, kashinsu zai kashe buzuzu. Ƙuna a filayen da ba na tsauni ba, dokar Ingila ta taƙaita ta daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Itatuwa ma ba a share su duka. Ana barin ɗaiɗaiku da ƙayoyi nan da can, kuma ba a sara lokacin sheƙa, daga Maris zuwa Agusta. Yautai, wanda ke tasowa daga Afirka ya ƙetare Sahara ya isa can a watan Mayu, a ƙasa yake zuba ƙwansa biyu, a ɗan sarari tsakanin heda, kuma a kan irin waɗannan itatuwan namijin ke sauka ya yi kuka da magariba.