Tambayoyinku Kan Mota: Birki ya ƙi ci, me za a yi masa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan birki ne, to na zaɓi guda huɗu da nake ganin za su amfani kowa, sauran a yi mini haƙuri sai wani fitowar in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni direban haya ne, Sharan nake ja daga Jos zuwa Abuja. Matsalata in na ɗauko lodi na fara gangarowa Hawan Kibo, kafin in kai ƙasa sai in ji birki ya yi laushi yana tafiya har ƙasa, ga wari kamar ana ƙona roba, amma in na tsaya na huta kamar minti ashirin sai ya dawo garau. Bakanike na ya ce sai dai a canza mini dis (faifan birki da ke juyawa tare da taya) da kalifa (abin da ke matse shi) a sa manya na wata motar. Ko in yarda? Daga wani direba a Jos.

AMSA: Ɗan'uwa kar ka fara kashe kuɗi a kan manyan dis tukuna, abin da ka bayyana ɗin nan zafi ne, kuma ina kyautata zaton man birkinka ne ya tsufa. Birki ba wani abu yake yi ba illa ya mayar da gudun mota ya koma zafi, fad, wato takalmin birki, ya matse dis, dis ya yi zafi, iska ta huce shi. To a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo in ƙafarka tana kan birki tun daga sama har ƙasa, zafin yana taruwa ne fiye da yadda iska za ta iya kwashe shi, daga dis ya shiga fad, daga fad ya shiga kalifa, daga nan ya tarar da man da ke ciki.

Shi kuma man birki yana da wani hali da direbobi da yawa ba su sani ba, yana shan danshin iska a hankali ko da ba a buɗe murfin ba. Sabon man birki mai lamba DOT 4, wanda shi ne irin wanda motarka take sha, ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma in ya sha ruwa ko da kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ne zai iya tafasa tun a wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake saukowa 140. Da ya tafasa sai ya yi tururi a cikin bututu, shi kuma tururi matsuwa yake yi ba kamar mai ba, shi ya sa kake taka birki yana nutsewa ba ya riƙe komai, in ya huce tururin ya koma ruwa sai ka ji kamar ba a yi ba. Wannan dawowar da yake yi ita ce take yaudarar mutane wallahi, sai a ce ai ya gyaru, gobe a sake ɗauko fasinja a sake bin gangarar.

Akwai bambanci da nake so ka lura da shi. In fedal ya yi laushi ya nutse, mai ne ya tafasa. In kuma fedal yana nan da taurinsa kana dannawa da ƙarfi amma mota ba ta tsayawa, ga wari, to fad ne ya ƙone ya daina kamawa, kuma fad mai arha shi ya fi saurin yin haka. Kai da ka ji laushi kuma ka ji wari, da alama duka biyun suna damunka.

Abin da za ka yi, a zubar da tsohon man gaba ɗaya, ba ƙari ba, don mu nan ƙari muka iya, in ya ragu a zuba a kai, shekara goma mai ɗaya yana cikin mota har ya koma baƙi. A sa sabo daga gwangwanin da aka fasa a gabanka, lita ɗaya ta ishi yawancin ƙananan motoci, a cire iska a duk ƙafafu huɗu har sai mai tsabta ya riƙa fitowa. Kamfanonin mota da yawa suna cewa duk shekara biyu a canza, kai da kake bin tsauni kullum ni dai shawarata duk shekara. In ka samu DOT 5.1 mai kyau ya fi jure zafi, sabonsa yana kai 260, kuma yana haɗuwa da DOT 4, amma ka kula kar a ba ka DOT 5 zalla, wannan na silikon ne daban yake, ba a gauraya shi da sauran. Sannan a sa fad na kirki a gaba, don ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na aikin tsayawa, a kuma duba na baya ko suna ci, don sau da yawa na bayan sun daɗe da mutuwa, na gaba ne kaɗai ke shan wahala.

Sai babbar maganar, wadda ba ta buƙatar ko sisi. Tun kana sama kafin gangara ta fara ka sauko giya ta uku, inda ya yi tsanani ta biyu, ka bar inji ya riƙe motar, birki kuma ka riƙa taka shi da ɗan ƙarfi ka saki, ka taka ka saki, ba ka ɗora ƙafa kana jan sa ba. Na san tun da aka cire tallafin fetur a 2023 direbobi da yawa suka koma sa mota a firi a gangara, wasu ma har kashe inji suke yi don tattalin mai, don girman Allah a bar wannan. In ka kashe inji, sabo (servo) ɗin nan da ke taimaka wa ƙafarka wajen danna birki ya daina samun iskar da yake zuƙa, taku biyu ko uku fedal zai yi tauri kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Kuma motoci masu injekta in kana gangara da giya a ciki ka ɗauke ƙafa daga totur su da kansu suke yanke fetur, wato firin ma ba riba yake ba ka ba. Lodi ma a rage, motar mutum bakwai ce, in aka cusa goma ga buhuna a but ga wasu a sama, duk wannan nauyin birki ne zai biya shi.

Manyan dis suna da amfaninsu ga motocin tsere, amma haɗe-haɗen kalifar wata mota da mastan wata (famfon da ke tura man birki in an taka fedal) yana iya ɓata daidaiton gaba da baya, mota ta riƙa juyawa in ka taka da ƙarfi. Ka yi waɗannan da na lissafa tukuna.

TAMBAYA: Salam Malam. Corolla gare ni, an canza mini fad wata ɗaya da ya wuce amma tun lokacin take ƙara in na taka birki, kuma in ina gudu sitiyari yana karkarwa. Ranar nan kuma ana ruwa na taka da ƙarfi sai na ji fedal yana harbin ƙafata, na tsorata na saki. Bakanike ya ce ABS ne ke damu na, wai a cire shi. Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya kar ki bari a taɓa miki ABS. Harbin da kika ji a ƙafa aikinsa yake yi, lafiyarsa ƙalau. Yana da na'ura a kowace ƙafa da ke lura da juyawar taya, da ya ga wata za ta ƙame ta fara jan ƙasa sai ya saki ya kama, ya saki ya kama, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, don ki iya juya sitiyari ki kauce wa abin da ke gabanki. Tun 1978 Mercedes da Bosch suka fito da shi a motocin kasuwa, ba sabon abu ba ne. In kika sake ji, ki ƙara dannewa kar ki saki, kuma kar ki riƙa famfo. Ni takan yi mini ciwo yadda ake cire shi ko a cire ƙwan fitilarsa a dashbod, alhali sau tari ƙasa ce ta toshe na'urar ko waya ta tsinke.

Karkarwar sitiyari kuwa, in lokacin da kike taka birki take zuwa, galibi dis ɗin gaba ne fuskarsa ba ta yi daidai ba. A auna kaurinsa, akwai mafi ƙarancin kauri da kamfani ya buga a jikinsa, in da sauran nama a wanke shi a injin, in ya kai iyaka a canza duka biyun, dama da hagu tare, haka ma fad ba a canza ɓangare ɗaya. Ki ce a zare ƙarafan nan biyu da kalifa ke zamewa a kai a goge su a shafa musu giris na birki, ba giris ɗin da aka saba ba don yana kumbura roba, in suka ƙame fad ɗaya yakan cinye ya bar ɗaya, mota ta riƙa ja gefe. Ƙarar kuma tana iya zama daga fad maras kyau ko an yar da faifan ƙarfen da ke bayansa. In an gama, ki samu hanyar da ba kowa ki kai kamar 60 ki taka a hankali ki sauko 20 ba tare da kin tsaya cak ba, ki maimaita 'yan lokuta, sannan ki lallaɓa birkin na kilomita 200 zuwa 300 har su zauna da juna.

TAMBAYA: Yallaɓai na canza fad, na canza mai, na canza masta, amma har yanzu Golf ɗina in na taka sai ta ja ƙasa ta yi nisa kafin ta tsaya. Tayoyina 'yan Beljiyam ne amma da sauran zane. Daga wani matashi a Kano.

AMSA: To ai ka faɗi amsar da bakinka ƙanena. In har taya tana ƙamewa tana jan ƙasa, birkinka ya gama nasa aikin, saura na taya, don birki taya yake tsayarwa, ita kuma taya ita ke tsayar da mota, kuma abin da ke taɓa kwalta a kowace ƙafa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Zane kaɗai ba ya nuna lafiyar taya, roba tana bushewa ta yi tauri da shekaru, balle a ranarmu. Duba gefen tayar za ka ga DOT, a ƙarshen rubutun akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2316 na nufin mako na 23 a 2016. In ta haura shekara biyar zuwa shida a riƙa zarginta, wadda ta kai goma kam ko zanenta sabo ne a yar. 'Yan Road Safety sun daɗe suna wa'azi a kan wannan kuma gaskiya suke faɗa. Wani abin kuma, cikin tayoyin da ake kawowa daga Turai akwai na lokacin ƙanƙara, za ka ga alamar tsauni da ƙanƙara a jiki, robarsu an yi ta ne don sanyi, a kwaltar Kano a watan Afrilu laushi take yi, tsayawa ta ƙara nisa.

Zurfin zane kar ya gaza milimita 1.6, a damina ma gara 3. Iska kuma kar ka bar wa mai faci ya buga ya ji da hannu, akwai takarda a jikin ƙofar direba ko murfin tanki da ta faɗi adadi, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne, a auna da safe taya na sanyi, in aka narka mata 50 tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. A duba shok ma, in ya mutu taya tsalle take yi a hanya mai gargada. Sannan gudu, motar da ke buƙatar kamar mita 20 ta tsaya a 60, a 120 mita 80 take nema ba 40 ba, ninki huɗu, kuma a gudun 100 duk daƙiƙa ɗaya kana cin kusan mita 28 kafin ma ƙafarka ta kai kan fedal.

TAMBAYA: Malam in mai ya zube a daji, gaskiya ne ana iya zuba ruwan omo ko man giya? Kuma an taɓa daƙe mini bututun ƙafa ɗaya da ke yoyo aka ce in ci gaba da tafiya. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Duka ukun ban yarda da su ba Alhaji. Ruwa a digiri 100 yake tafasa kuma yana sa tsatsa a masta da kalifa. Man giya da baƙin mai sun ma fi muni, suna kumbura duk robobin da ke ciki, bayan kwana kaɗan birki ya ɗauke gaba ɗaya, kuma gyaransa sai an canza kowace roba. Bututun da aka daƙe kuma yana nufin ƙafa uku ke ci, da ka taka da ƙarfi mota za ta fizge gefe. Ka ajiye ƙaramin gwangwani da ba a fasa ba a but, kuma ka sani in mai ya ragu sosai to ko fad ya cinye ko akwai yoyo, a nemo wajen. Duk safiya kafin ka tayar da inji ka taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, ka riƙe shi ka tayar, in fedal ya ɗan sauka kaɗan to sabo (servo) na aiki. Ka ci gaba da riƙewa kamar rabin minti, in ka ji yana nutsewa a hankali to masta na sakin mai ta ciki ko akwai inda ke ɗiga, ranar kar motar ta hau titi sai an duba ta.