Me Ya Sa Zuwa da Dawowa Ba Sa Cin Lokaci Ɗaya?

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa jirgin saman da ya tashi daga Landan zuwa New York yake cin kusan awa takwas, amma a dawowa awa bakwai ta ishe shi, alhali filayen jiragen biyu ba su gusa daga inda suke ba. Na kuma ga lissafinka, inda ka raba nisan da gudun jirgi ka samu awa shida da 'yan mintuna. Rabon ya yi daidai, sai dai ka manta da iska, kuma a wannan aiki namu na tsara tafiyar jirage ba a manta ta.

Tsakanin filin Heathrow na Landan da na JFK na New York akwai kusan kilomita 5,550. Wannan awo ne na hanya mafi gajarta a bayan ƙasa, wadda take fitowa a lanƙwashe a taswira saboda duniya a dunƙule take. Ka ɗaura zare a kan ƙwallon taswirar duniya daga birni zuwa birni, za ka ga ya karkata ta arewa. 

Jirgin fasinja yana yin kamar kilomita 900 a awa, amma wannan gudunsa ne a cikin iskar da ke ɗauke da shi. A can sama, wajen kilomita 9 zuwa 12, akwai wani kogin iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, yana ƙara ƙarfi a lokacin sanyi har ya kan wuce kilomita 300 a awa. A ce iskar tana kilomita 150. Mai zuwa gabas, wato daga New York zuwa Landan, tana tura shi daga baya, gudunsa a kan ƙasa ya kai 1,050, ya isa cikin awa biyar da kusan minti ashirin. Mai zuwa yamma kuwa tana dukan hancinsa, gudun ya sauko 750, sai ya haura awa bakwai, ya kuma sha mai fiye da ɗan'uwansa. Shi ya sa muke saka mai zuwa gabas cikin kogin, mu kauce da mai zuwa yamma ko da hanyarsa za ta ƙara tsawo. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgi ƙirar Boeing 747 na kamfanin British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Kada ka yarda da masu cewa ƙasa ce take juyawa a ƙarƙashin jirgi ta kawo masa garin kusa, domin iskar da jirgin yake ciki tare da ƙasar take juyawa.

Saura abu ɗaya da na fi so ka riƙe. Lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sanda jirgi ya bar wurin da yake fake har ya tsaya a wancan filin, ya haɗa da tafiya a ƙasa zuwa titin tashi, da jiran izinin hasumiyar kula da jirage, da shawagi idan fili ya cika. Saboda haka gobe, kafin ka taɓa lissafin mai, ka fara ɗauko hasashen iskar sama na ranar ka kawo mini mu duba tare.