Inda lambar odar ta tafi

Ka ce ka haɗa manhajar karɓar oda ta masu casar shinkafa a nan Birnin Kebbi da tsarin biyan kuɗi a kan Mule 4, dandalin haɗa manhajoji na kamfanin MuleSoft, amma da zarar ka tambayi tsarin ko dila ya biya, sai lambar odar ta yi ɓatan dabo, ba abin da ya rage sai amsar "an biya". Har kana zargin Anypoint Studio, manhajar da ake gina aikin Mule a cikinta. Studio lafiyarsa lau, ƙanena.

Abu uku ne ke tafiya tare a cikin Mule: kayan saƙo (payload), da bayanan rakiya irin su adireshin da aka kira, sai kuma ma'ajiya (vars). Ɗauka tirela ce ta taso daga Argungu. Duk tashar da ta tsaya ana iya sauke lodin a ɗora wani, amma takardar da ke aljihun direba, wato ma'ajiya, ba mai taɓa ta. HTTP Request ɗin da ka sa don tambayar tsarin biya ya sauke odar ya ɗora amsar da ya karɓo, har bayanan rakiyar ma ya musanya su. Set Payload shi ma sauke lodi yake yi, sai dai kayan kaɗai yake canzawa.

To kafin ka yi kiran, jawo Set Variable, ka ba shi suna lambarOda, a gurbin ƙima ka rubuta #[payload.lambarOda]. Can gaba duk inda ka buƙace ta, vars.lambarOda za ka kira. Kula da alamar #[ ] ɗin nan. In ka bar ta, Mule ba zai miƙa wa DataWeave, yaren da yake sarrafa bayanai da shi, aikin ba, kalmomin da ka rubuta zai ajiye maka tsurarsu, ka wuni kana neman inda aka yi kuskure.

Ni kam ba haka nake yi ba in odar ce gaba ɗaya nake son ta tsira. Buɗe shafin Advanced na HTTP Request, ka ga Target Variable, ka sa masa amsarBiya. Amsar sai ta zarce ma'ajiya, odar kuma ta zauna yadda take. Ya fi a riƙa kwashe komai ana cusawa a ma'ajiya saboda tsoro, har wanda zai gaji aikin ya rasa wanne ne wanne.

Ma'ajiyar ma tana da iyaka. In ka kira wani layin aiki ta Flow Reference, za ta bi ka. In kuwa ta HTTP ka kira shi, ko da a manhaja ɗaya suke, can sabon saƙo ne ya fara, bai san lambarOda ba sai ka aika masa da ita cikin kaya ko a adireshi. For Each kuma, mai bin jerin kaya ɗaya bayan ɗaya, nasa salon daban: yana gama zagayensa zai mayar da kayan farko, abin da ka tara a ma'ajiya kaɗai zai fito.

Bidiyoyin da kake kallo masu flowVars da sessionVars, ka rabu da su. Na Mule 3 ne, zamanin tsohon yarensa MEL. Mule 4 ya fito a 2018, shekarar da Salesforce ta sayi MuleSoft, kuma ya soke su.

Je ka sa Logger, mai rubuta maka abin da ke wucewa, ɗaya kafin kiran, ɗaya bayansa, kowanne ya buga payload da vars. Bayan La'asar ka kawo min na'urar mu duba tare.